Katifar da ke Ƙarƙashin Kwalbati

Shekara ashirin da biyu Sarkin Kwata ya yi yana shiga magudanan birni da shebur, har sunan da aka laƙaba masa don tsokana ya cinye na yanka. Shi ne shugaban masu yasa na shiyyarsu, da mutum shida a ƙarƙashinsa. Ko daga barci ka tashe shi ka tambaye shi inda ruwan wankan kowane layi yake bi, zai faɗa maka ba gargada: daga ƙaramar kwata ya faɗa lambatun titi, daga nan ya gangara babban lambatu, babban ya kai shi tafkin tacewa a bayan gari. Ruwan sama ma hanyarsa ke nan, ba shi da wata. Abu ɗaya ne duk wannan sani ya kasa yi masa, wato hana ruwa shiga shagon yayarsa.

Shagon ɗinki ne, a ƙarshen wani dogon titi da ya gangaro daga tudu, tafiyar rabin awa daga sama zuwa ƙasa. Kekuna uku ne a ciki, da teburin yanka, da ɗan ɗaki a baya inda take kwana tun rasuwar mijinta. Duk sanda aka sake zuba kwalta sai titi ya ƙara tashi, shago kuwa yana nan inda yake, har ya zama sai ka sauka taki biyu kafin ka shiga. Damina uku a jere ruwa yana kwana a ciki. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma har yau da furfurarsa ba ta fasa kiransa Auta ba. Shi ya sa ranar da ya ga sunan titinsu a jerin aikin bana, bai ko cire takalmin roba ba ya wuce wurinta.

"Yaya, bana ko ɗigo," ya ce, yana dukan teburin yanka. "An sa titinku a aiki, kuma ni aka ba."

"Allah ya sa, Auta. To in fasa kwashe kayan ke nan?"

Kowace damina takan tattara yadudduka da ɗinkin mutane ta kai gidan 'yarta, ta yi wata uku tana zirga-zirga da ƙafar da ba ta da lafiya.

"Ki fasa," ya ce. "Ni na faɗa miki."

Ta kuwa fasa. Ranar Litinin ya karɓi takardar aiki a ofis, ya karanta, ya sake karantawa, sai ya ji kansa ya ɗau zafi. Ya tura ƙofar Injiniya, wani matashi mai fara'a da bai wuce sa'ar ɗansa na fari ba.

"Yallaɓai, an juya takardar nan."

"Ba a juya ba, Baba. Daga sama za ku fara."

"Kwata daga wutsiya ake yashe ta, Yallaɓai. Dattin da ya cika sama shi ke karya wa ruwa gudu. Ya tsaya nan, ya bazu can, ya isa ƙasa a gajiye. In muka buɗe sama muka bar ƙasa a toshe, mun tattaro ruwan titi gaba ɗaya mun juye wa mutum goma a ɗaki."

Abin haushin shi ne Injiniya bai musa ba. Da ya musa da da sauƙi, ko ba komai mutum ya samu wanda zai yi faɗa da shi. Gyaɗa kai ya yi, ya ce shi ma haka aka koya masa a makaranta, sannan ya jawo wani fayil ya buɗe. Takardun koke ne guda goma sha huɗu daga manyan kantunan saman titi, kowace da lambarta da hatiminta.

"Daga ƙasa fa, nawa ka ga an rubuto?" ya tambaya.

"Mutanen ƙasa ba su da hannun rubutu, Yallaɓai. Duk hannuwan suna riƙe da bokiti."

Injiniya ya yi dariya, ya ce Baba ba ya rabo da barkwanci. Ya nuna masa hasashen yanayi a waya, ya ce ba ruwa sai bayan kwana goma. Kwana huɗu a sama, kwana huɗu a ƙasa, kowa ya huta. Sarkin Kwata ya fito yana haɗiyar maganganun da in ya furta su sai ya nemi wani aikin.

Suka fara daga sama. Shi kuwa irin mutanen nan ne da ba su iya aikin ha'inci ba ko sun yi niyya. Ya so a yi sama-sama, amma da ya ga laka a lungun lambatu sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Suka ɗaga murafai ɗaya bayan ɗaya, suka kwashe leda, da gorunan roba, da yashi, da kitsen gidajen abinci da ya daskare kamar sabulu. Masu kantuna suna toshe hanci suna yi musu sannu daga nesa. Yaya ta kira shi a rana ta biyu tana tambaya ko lafiya, ba ta ga kowa ba.

"Muna nan tafe, Yaya," ya ce. Bai faɗa mata ta inda suke tafe ba, don kunya ta hana shi.

A rana ta uku suka kai kwalbatin da ke tsakiyar titi, inda wata hanya ta gitta. Dogo, wanda ya fi kowa tsawon hannu a cikinsu, ya zura ƙugiya ya ji ta kama abu mai taushi. Katifa ce sukutum, ta naɗe ta cike kusan rabin ramin, laka ta ɗaure ta tamau. Wanda ya jefa katifa a kwata dai Allah kaɗai ya san abin da ke kansa, amma Sarkin Kwata da ya leƙa ya gan ta sai ya ji kamar ya sa masa albarka. Muddin tana nan, ruwan sama sai ya bi layi kafin ya wuce.

"Kada kowa ya taɓa ta," ya ce. "Sai mun gama ƙasa za mu dawo mu cire."

Dogo ya saki baki. "Sarki, kai ne kuwa? Kai da ka mayar da ni rami bara saboda kwalba ɗaya?"

"Ni ne. Wannan katifar ita ce birkin titin nan. Ka ji ni da kyau?"

"Na ji."

Washegari ya bar su suna ƙarasa gefen kwalbatin, shi ya tafi garejin ofis neman motar zuƙa. Ya san kwalbatin ƙasa, wanda ke gaban shagon Yaya. Yashi ne ya daskare a cikinsa, shebur ba ya kaiwa, sai mota ta fesa ta zuƙe. Mai kula da gareji ya ce motar tana nan, direba ne ya fita. Direba ya dawo, aka ce makulli yana wurin akawu. Akawu ya ce ba ya ba da makulli sai da sa hannun Injiniya, Injiniya kuma ya fita duba aiki. Awa uku Sarkin Kwata ya yi a kan benci yana kallon motar, ita ma tana kallonsa. Yana nan zaune iska ta canja, ya ɗaga kai ya ga gabas ta fara haɗa rai. Hasashen waya dai bai shawarci hadari ba.

Ya hau babur ya koma. Tun daga nesa ya hango katifar, baƙa wuluk, shimfiɗe a bakin titi tana tsiyayar da ruwa. Mutanensa suna wanke hannu a bokiti.

"Wa ya cire?" ya tambaya.

"Injiniya ne ya zo rufe fayil," in ji Dogo, kansa a ƙasa. "Ya tsuguna a bakin kwalbati ya ce bai ga haske ba."

Sarkin Kwata da kansa ne ya kawo wannan ƙa'ida shekaru da suka wuce, lokacin da ya gaji da masu yashe baki su bar ciki: ba a cewa an gama kwalbati sai mutum ya tsuguna a wannan baki ya hango haske a wancan. Ofis ya ji daɗin abin, ya sa shi a takarda, har da hoto ake ɗauka.

"Ba ka faɗa masa abin da na ce ba?"

"Wallahi na faɗa. Ya ce ai dokarka ce, ba zai karya maka ita ba. Har ya ce a gaishe ka, aiki ya yi kyau."

Takaici ya sa ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba a rayuwarsa. Ya kama gefen katifar ya fara ja, zai mayar da ita inda ta fito. Jiƙaƙƙiyar katifa kuwa sai ƙarti huɗu, ko motsi ba ta yi ba.

"Ku kama mini mana!"

Suka tsaya suna kallon juna. Wani mai kantin kayan lantarki ya fito yana ɗaga waya. "Kai, malam! Ashe ku ne kuke toshewa don a sake ba ku aiki? Ci gaba, ina ɗauka!"

Sai ɗigon farko ya faɗo masa a wuya, babba, mai sanyi. Ya saki katifar.

"Ku ɗauko shebur da ƙarafa. Ƙasa!"

Babur ya ƙi tashi a cikin ruwan, suka bar shi suka sa gudu. Kafin su yi nisa an kece kamar da bakin ƙwarya. A gefensu lambatun da suka yashe da hannunsu yana ta aiki ba wasa, ruwa yana wucewa sumul, ba abin da ya tare shi. Shekara ashirin da biyu yana son ganin kwata tana gudu haka, yau ga shi ya gani, kuma ji yake kamar ya zauna a titi ya yi kuka. Ruwan ya wuce su tun ba su kai rabin hanya ba.

Da suka isa ƙasa ba a ganin bakin kwalbati ma. Ruwa ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, ya juya, ya tasa murafai, ya hau titi da duk abin da ke cikin kwata, na wanka da na wanke-wanke da wanda ba a faɗa. Suka shiga har ƙugu suna soka ƙarafa inda suke zaton bakin yake. Yashin ya ƙi ko gezau. Ruwa ya kusa tafiya da Dogo, sai da aka riƙo shi ta wuyan riga. Sarkin Kwata ya jefar da ƙarfen, ya juya ya nufi shago.

Matakan nan biyu sun ɓace. A ciki ruwa ya kai cinya, baƙi, mai wari. Kekuna biyu sun nutse har kai. Yadudduka da ɗinkin mutane, waɗanda ya kamata a ce suna gidan 'yarta a bushe, suna yawo a saman ruwa tare da ƙwaryar zare. Yaya tana zaune a kan teburin yanka, ta naɗe ƙafarta mai ciwo, ta rungume kan keke na uku da ta samu ta kwance. Maƙwabta biyu suna tsaye a ciki, mai gyaran takalmi da matar mai aski, suna miƙa abin da ya saura zuwa saman kantar shagon.

"Auta, ka zo? Karɓi wannan, hannuna ya gaji."

Ya karɓi kan keken ya rungume a ƙirji. Nauyinsa ya fi yadda ya zata.

"Ni ban taɓa ganin irin wannan ba," in ji mai gyaran takalmi. "Bara sai da aka yi awa biyu ana ruwa kafin ya shigo. Yau ko takalma ban gama tattarawa ba."

"Ai an ce sama aka yashe," in ji matar mai aski. "Ƙanwata ta gani da idonta. Aka gyara wa masu kantuna, aka turo mana. Duk wanda ya yi mana wannan, Allah ya isa."

"Amin," in ji Yaya da ƙarfi. "Wasu 'yan koyo dai aka samu. Ƙanena aka ce za a ba aikin nan, aka hana shi. Da shi ne, wallahi da ba a yi haka ba. Yaron nan ya san ruwa kamar shi ya haife shi." Ta juyo ta dube shi, fuskarta duk ruwa, amma da alfahari a idonta. "Faɗa musu, Auta. Su wa aka tura?"

Hanyar zamewa a buɗe take. Yana iya cewa wata shiyya ce, ko 'yan kwangila, ba wanda zai bincika a cikin wannan ruwa. Yana iya kawo zancen Injiniya, da fayil, da makullin mota, kuma duk gaskiya ne. Amma ya duba ya ga ba ko ɗaya a ciki da zai busar da yadi guda.

"Mu ne, Yaya," ya ce. "Ni ne. Kwana huɗu muna sama."

Matar mai aski ta juya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Yaya ta daɗe tana kallonsa.

"Ranar da na kira ka, kana can?"

"Ina can."

"Da ka faɗa mini, Auta, ai da na kwashe."

Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta dubi kekunan nan biyu da ke cikin ruwa, sannan ta dubi wanda ke hannunsa.

"To ɗaga shi sama," ta ce a hankali. "Shi kaɗai ya rage."