Kalgon gonar Ɗelu

Ni Ɗelu aka ce wai ƙazamar manomiya! Ni da na tashi da hauya a hannu, a Madarumfa kowa ya san haka.

Tun da mijina, baban Nafisa, ya rasu, gonarsa ta hanyar Ɗan Issa ke ciyar da ni da 'ya'yana. Gona ce gajiyayyiya, iska ta kwashe mata ƙasa, in ka yi shuka rairayi ya binne. Da na ji mutanen mishan sun zo da aikin taimakon manoma, sai na ɗauki buhuna na tafi, a zatona hatsi za a raba. Malam Yusuf, Kiristan da ke koyar da noma a wurinsu, ya dubi buhun ya yi dariya.

"Inna, mu ba mu rabon hatsi. Mu je ki gwada mini gonar."

Haushi ya kama ni, amma na kai shi. Ya nuna mini kututtukan kalgo da sabara da muke ƙonewa kowace shekara in mun zo sassabe. Ya ce saiwarsu na nan da rai, in bar toho masu ƙarfi, in datse sauran. Su za su tare iska, ganye ya zama taki, itacen girki kuma ga shi a gonata. Na yi. Damina biyu, hatsina ya tsaya da ƙafarsa.

To, a wurinmu gonar da ba a share ta ƙal ba, abin kunya ce ga dangi. Kuma wanda ya yi sassaben gona, shi ke noma ta a shekarar. Yaya Gambo, wan marigayi, ya san wannan sarai. Ya aiko cewa na mai da gonar gidansu daji, na sai da addinina ga Nasara, jibi zai zo da gatari ya share ta.

Sai da addini? Salla biyar ban taɓa fashi ba! Gonar yake so, shi ke nan.

Na buɗe akwati na fiddo shuɗiyar rigar da baban Nafisa ke zuwa gona da ita. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Sannan na yayyage ta, na bi bishiyoyin nan ina ɗaura wa kowace ƙyalle.

Ranar da ya ambata ya iso da gatarinsa a kafaɗa, ya iske ni tsaye.

"Ɗelu, kauce."

"Ban tare ka ba, Yaya. Ga su nan."

Ya kama reshen kalgo ya ɗaga gatari, sai idonsa ya faɗa kan ƙyallen. Ya murza shi da yatsa. Shi da kansa ya sayo wa ƙanensa yadin a kasuwar Maraɗi.

"Rigar Alhassan ce wannan," ya ce. "Ba ki ji tsoron Allah ba?"

"Na ji. Shi ya sa ba zan bar marayunsa su yi bara ba. Itatuwan nan su ke riƙe da tuwonsu. In za ka sare, Yaya, kwance rigar ƙanenka da hannunka tukuna, ɗaya bayan ɗaya. Ina nan, ba inda za ni."

Ya kai hannu ga ƙullin. Ya kasa kwance shi, ya sauke gatarin.