Minti Bakwai Kafin a Buɗe Ƙofa

Dakta Raga'i Mandur ya tsara kiɗa talatin da takwas a rayuwarsa, kuma babu ɗaya da ya wuce minti bakwai. Ba shi ya zaɓi hakan ba. Duk daren da babbar ƙungiyar makaɗa ta Alƙahira za ta yi wasa, ana rufe ƙofofin zaure da ƙarfe takwas daidai, ba a sake buɗe su sai kiɗan farko ya ƙare. Mutanen gari kuwa sai takwas da 'yan mintuna suke isowa, bayan sun gama fama da cunkoson kan gada da neman wurin ajiye mota. Saboda haka ake buƙatar wani abu gajere a gaba, na ɗan ƙasa, wanda ba mai jin haushi in ya rasa shi, kafin a shiga kiɗan Jamusawan da suka mutu tun shekara ɗari biyu, waɗanda dominsu aka sayi tikiti. Shekara talatin da ɗaya Raga'i ne wannan abin.

Zauren na cin mutum dubu da ɗari biyu. Raga'i bai taɓa ƙirga fiye da casa'in ba a lokacin kiɗansa, kuma kusan duk ya san fuskokinsu: wasu tsofaffi biyu 'yan Armeniya, ya da ƙanwa, masu zuwa tun bakwai da rabi; ɗalibansa na makarantar kiɗa, waɗanda ba su da zaɓi; sai 'yan baƙi daga Turai da har yanzu ba su gane garin ba. Matarsa Afaf, mai kantin magani a unguwar Shubra, a wajen ƙofa take sauraronsa, tsaye cikin sauran makararru.

"Na ji shi sarai," in ji ta kowane lokaci. "Ƙofar ba ta da kauri sosai."

Duk da haka yana da suna, ɗan kaɗan. Wani mai sharhi a jarida, wanda ya rasu tuntuni, ya taɓa rubuta cewa Mandur ya iya barin sauti ya rataya a iska. Raga'i ya yanke shafin ya ajiye, ya kuma yarda da maganar. Salonsa ke nan: sarewa guda ta faɗi kalma uku, ta yi shiru, a bar sautin ya zaga zauren ya dawo, sannan goge ya amsa. Ya ƙware wajen auna wannan shirun. Har darasi yake bayarwa a kai.

A watan Oktoba likitan kunne ya gaya masa cewa na hagu ya gama aiki, na dama kuma wataƙila ya kai shekara biyu. Raga'i ya yi godiya, ya sayi gyaɗa a hanya, ya wuce kai tsaye ofishin Hazim Kashif, mayestiro, wato jagoran ƙungiyar, wanda suka yi karatu aji ɗaya.

"Mayestiro, so nake ka sa ni bayan hutun tsakiyar wasa."

Hazim ya ajiye kofin gahawarsa. "Bayan hutu? Wa ya mutu, Dakta?"

"Kunnena na hagu. Na daman kuma yana jinya."

Hazim ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙa hannu ya ɗebi gyaɗar.

"To wa zai tsare mana ƙofa?"

"Nemo wani. Yara sun cika makaranta. Ni dai sau ɗaya nake so in ji abin da na rubuta da mutane zaune a gabansa. Ko tari za su yi, ya zama tarin mutum dubu."

"Ka san abin da mai fiyanon nan namu ɗan Rasha zai ce in na raba shi da wurinsa?"

"Na sani. Da Rashanci zai faɗa, ni kuma ta hagu zan juyo masa."

Hazim ya yi dariya, ya jawo kalanda. Aka tsayar da Asabar ta uku a watan Janairu. Raga'i ya zaɓi kiɗansa na ashirin da uku, wanda ya sa wa suna Matakalar Gidanmu, domin shi ne ya fi kowanne siranta, kuma shi ne marigayi mai sharhin ya yaba. Wurin farko kuma aka bai wa Riham Desuki, tsohuwar ɗalibarsa, wadda ba a taɓa kaɗa mata komai a babban zaure ba.

Da hantsin ranar aka yi gwajin ƙarshe. Raga'i ya zauna shi kaɗai a layi na goma. Sarewa ta faɗi kalmominta uku, sautin ya tashi ya zaga har bene na sama, ya dawo a hankali, goge ya tarbe shi. Da aka gama makaɗan suka ɗan bubbuga ƙafa, yadda suke yi in abu ya burge su.

"Wallahi, Dakta, sai yau na saurare shi," in ji Hazim daga kan dandamali. "Kullum ina kaɗa shi hankalina na kan na gaba."

"Na gode da gaskiyar."

"Kyauta ce. Yau da dare za ka sa su kuka."

Da yamma aka yi ruwa, aka kuma yi sanyin da rabon garin da irinsa an jima. Afaf ta rufe kanti tun biyar don kada ta makara, ta iso takwas da kwata. Raga'i ya riga ya saurari kiɗan Riham tare da mutum saba'in da huɗu. Ya yi mamakin yadda sautinsa ya cika zauren. A takarda bai ga alamar haka ba. Sai aka buɗe ƙofofi, jama'a suka kwararo cikin manyan rigunan ulu da mayafai, kuma ba wanda ya yarda ya bar tasa a wurin ajiya.

Bayan hutu babu kujerar da ba kowa. Raga'i ya waiga ya duba har sau biyu. Ya karkata kai, ya ba dandamali kunnen dama. Hazim ya ɗaga sanda.

Sarewa ta faɗi kalmominta uku. Sautin ya fito ya faɗi nan take, kamar an jefa tsakuwa cikin yashi. Bai zaga ko'ina ba. Shirun da Raga'i ya auna masa, bugu huɗu cif, ya tsaya fanko, har ana jin wata mata a layi na sha biyu tana kwance ledar alawa. Goge ya amsa, amma ba abin da zai amsa wa. Shi ma ya faɗi.

Abin da ya fara zuwa masa shi ne likita ya yi kuskuren lissafi, na daman ma ya tafi. Ya ɗaga hannu a ɓoye ya murza yatsu biyu kusa da kunnen. Ya ji su tsaf. Ya ji numfashin Afaf. Ya ji agogon mutumin da ke gefensa.

Sai idonsa ya sauka kan kujerar da ke gabansa. Kujerun zauren masu naɗewa ne. In ba kowa a kai, mazaunin yakan miƙe tsaye, ƙasansa na katako tsirara ya fuskanci dandamali. Shekara talatin da ɗaya alluna fiye da dubu suna tsaye suna mayar masa da duk abin da ya aika musu. Yau an kwantar da su, an zauna a kansu da ulu.

Ba sabon ilimi ba ne. Yana cikin darasin da yake koya wa 'yan shekarar farko, mako na uku: katako na mayar da sauti, jiki da tufa na shanye shi. Yakan ma kawo bargo aji don ya nuna musu. Bai dai taɓa tunanin maganar ta shafe shi ba.

Minti bakwai ɗin suka yi masa tsawo fiye da duk wanda ya taɓa rubutawa. Ya ga bayan wuyan Hazim ya yi ja, ya ga yana ƙara sauri don ya rufe ramukan. Da aka gama aka yi tafi na ladabi, irin wanda ake yi wa jawabin babban baƙo. Hazim ya nuno shi, Raga'i ya miƙe, ya rusuna wa mutum dubu da ɗari biyu.

"Ya kika ji?" ya tambayi Afaf da ya zauna.

Ta gyara mayafinta. Ba ta saba yi masa ƙarya ba, sai a kan farashin takalma.

"Kamar mutum ya fara magana, sai ya manta abin da zai ce. Sau da yawa." Ta dafa hannunsa. "Ta ƙofa ya fi daɗi, Raga'i."

"Ta ƙofar ma da gaskiyarki."

Washegari da ƙarfe goma yana ofishin Hazim.

"Mayar da ni gaba."

"Ba dai tun yanzu ba."

"Na ji abin da nake son ji. Mayar da ni wurina."

Hazim ya sosa gemu. "Ai wurin ba naka ba ne kuma. Na ba yarinyar nan, shekara uku. Tana da sauri, minti shida take yi, kuma ba ta zuwar mini da gyaɗa mara gishiri. Kai yanzu ka girma, Dakta. Hukuma ta ga sunanka bayan hutu a takarda, ba mai iya sauko da kai ba tare da an ce an wulaƙanta dattijo ba. Watan Mayu, minti ashirin, sabon kiɗa."

"Hazim, kana wurin jiya. Ka ji abin da ya faru."

"Na ji. Ni na kaɗa shi, har gumi na yi." Ya tura masa kofi. "A Mayu ba a sa ulu."

"Amma ana zuwa da jiki."

"Wannan kam ba ni da maganinsa. Kai ka roƙa a kawo maka su."

A baranda ya ci karo da Riham, rungume da takardunta. Ba ta yi barci sosai ba, ga alama, amma fuskarta a sake take.

"Ustaz, ka ji yadda ya fito? Ban san haka nake rubutu ba. Ina jin na samo muryata."

Raga'i ya buɗe baki, ya tuna yadda shi ma ya sauko wannan barandar yana ɗan shekara talatin da shida, ya ga cewa ba yau ya kamata ba.

"Ya yi kyau, 'yata. Ki zo ofis ranar Talata. Akwai wani darasi na mako na uku da nake so mu sake dubawa, ni da ke."

Ya koma gida a tasi. A hanya ya yi lissafin da ya rage masa: wata huɗu, kunne ɗaya, minti ashirin, ga kiɗa talatin da takwas da ba zai iya aron ko layi ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne bai ji tsoro sosai ba. Ya fi jin irin abin da ɗalibi ke ji in an mayar da shi aji ɗaya alhali ya san ya cancanta.

Da Afaf ta dawo cin abincin rana ta tarar da ɗakin aikinsa ya canza. Ya rataya barguna uku a kan tagogi, ya rufe kabad ɗin littattafai da wani, ya shimfiɗa darduma biyu a kan tayil, ya jera rigunan sanyinsu duka a kan kujeru, har da ta marigayi mahaifinta. Yana zaune gaban fiyano, kansa a karkace, yana buga sauti ɗaya yana sauraron yadda yake mutuwa.

"Bargo nawa ne a gidan nan?" ya tambaya ba tare da ya juyo ba.

"Biyar. Ka kwashe huɗu."

"Ina na biyar ɗin?"

"Shi za mu rufa da shi."

Ya sake buga sautin. Wannan karon bai jira ba, ya bi shi da na biyu tun kafin ya faɗi, sannan na uku. Ya ɗauki fensir ya rubuta.

"Ki tambayi maƙwabta," in ji shi. "Ki ce zuwa Mayu ne."