Kayan Baƙo Ba Ya Shan Rana

Surukata Mama Keziah ba ta taɓa manta cewa na auri 'yarta Gladys ban yi golmo ba. A wajenmu, mai neman aure kan yi shekaru yana noma gonar surukai kafin a ba shi mata. Ni kuwa a cikin garin Zuru na tashi, da kyamara a wuya, marigayi surukina ya dubi hannuna sau ɗaya ya ce a bar ni, kada a ɓata gona. Yau ga furfura ga tumbi, amma duk sanda na je gaisuwa Rikoto sai Mama ta kama tafina ta shafa, ta ce har yanzu kamar na jinjiri.

Da yanar ido ta fara rufe mata gani, sai ta sa aka kira ni. Ta ce an gaya mata ina da wata shirwa mai ɗaukar hoto daga sama, wadda nake tayarwa a wajen biki. Jirgina mara matuƙi take nufi. Tana so ta ga kufan da aka haife ta a kan dutse, wanda mutane suka bari suka sauko tun tana budurwa. Ƙafa ba ta kai ta, ido kuma kullum raguwa yake yi.

"Mika, ka aiki shirwar nan ta gano mini gidanmu tun ina bambance fari da baƙi," in ji ta. "Shi ne golmonka."

Na yi shiri irin na mai hankali. Batir uku gare ni, kowanne kuma ba ya wuce tsawon shan shayi a sama. Can babu wutar lantarki, don haka na sayi faifan sola mai naɗewa kamar tabarma, wanda in ya sha rana tun hantsi har la'asar zai cika batir guda. Bazara ce, rana kamar ta fasa dutse. Na ce wa Gladys wannan aiki ko yaro ya yi shi.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ɗan rakiya. Saja Haggai, wan Gladys, tsohon soja ne, shi ya san hanya. Daga inda babur ya ajiye mu zuwa kufan tafiyar yini ce, in mutum ba shi da dangi. Saja kuwa yana da dangi a kowane tudu, kuma a ganinsa wuce gidan dangi ba a kwana ba ya fi gudu daga fagen daga muni.

Mun fara sauka wajen Inna Larai, ƙanwar Mama. Kafin in sauke jaka Saja ya riga ya shelanta cewa mijin Gladys ya zo da jirgin sama. Na ja shi gefe na ce batir na Mama ne. Ya ce in ji kunya mana, mutane sun yanka mini zakara. Na tayar da jirgi, yara suka watse, tsofaffi suka yi ta kallon rufin rumbunansu a fuskar wayata suna gardamar na wa ya fi karkacewa. Batir ɗaya ya tafi a kan rumbuna.

Ban damu ba. Washegari na shimfiɗa sola a kan wani falalen dutse, na jona batir, na kwanta gindin tsamiya ina jin daɗin wayona. Da na farka babu sola. Na same shi a ɗakin da aka sauke mu, an naɗe shi tsaf, an lulluɓe da zane mai kyau. Inna Larai ta ce ta taɓa shi ta ji ya yi zafi kamar tanda. Ta ce tun da take ba a taɓa barin kayan baƙo a rana a gidanta ba, kuma ba za a fara a kan surukin yayarta ba. Na yi mata bayani a tsanake cewa wannan abu rana yake so, da ita yake aiki. Ta ce "To," irin to ɗin da ake ce wa mai zazzaɓi.

Labari ya riga mu isa ƙauye na gaba, cewa mijin Gladys mutumin kirki ne amma yana da watsar da kaya, a sa masa ido. Suka kuwa sa. Ina shimfiɗawa, in na juya baya an ɗauke. Saja ya sake yin shela, ya tuna mini tuwon da na ci, batir na biyu ya tafi a kan awakin wani dattijo da ke son ya ga inda suke shiga gonar maƙwabci.

Daga nan na yanke shawarar yin gadi da kaina. Na zauna kusa da sola a tsakiyar rana, ba hula, gumi na bin tumbina kamar an buɗe famfo. Mai gidan da aka sauke mu ya leƙo ya gan ni, ya koma ciki. Can sai ga shi da 'yan'uwansa ɗauke da zana da itatuwa. Ina kallo, ina roƙo, suka kafa rumfa a kanmu ni da sola gaba ɗaya. Ya ce in kayan baƙo ba ya shan rana, ai baƙon kansa ya fi. Na dubi Saja ya taimaka, na tarar shi ke riƙe musu itace.

Na gwada ɗaura shi a bayan jaka muna tafiya. Sai dai Saja da sanyin safiya yake tafiya kamar a bariki, kuma gabas muka dosa, rana a goshina, sola a inuwar bayana.

Batir na uku na ɓoye shi cikin jakar garin rogo, na rantse wa Saja ya ɓata. Da muka hau dutsen na ciro shi ina murmushi, na danna, sai na ga ya ragu kusan rabi. Na manta irin waɗannan batira in suka kwana biyu a cike ba a taɓa su ba, da kansu suke rage wutarsu. Wato har batir ya gaji da zumuncin Saja.

Na tayar da jirgi a haka. Iska a kan dutse ba ta wasa, tana tura shi yana turjewa, wuta na zuba. Na samu kufan daga sama dai: da'irorin duwatsu, guntayen katanga, wata kuka. Na kira shi ya dawo, iska ta hana. Ya yi ta ƙara, sannan ya yanke wa kansa hukunci ya sauka inda yake, can ƙasan gangare. Muka sha ƙaya kafin mu same shi zaune a kan wani dutse, a mace.

A Rikoto aka jawo wa Mama kujera har hancinta ya kusa taɓa talabijin. Na kunna, na gyara zama. Ta ƙura wa da'irorin nan ido. Ta tambaya ko faranti ne aka jera. Saja ya ce gidansu ne daga sama.

"Ni tsuntsuwa ce? Yaushe na taɓa ganin gidanmu daga sama?"

Gladys ta kalle ni, na kalli silin. Na miƙa hannu zan kashe kafin a kai wajen faɗuwar, don kada a ƙara mini da wannan. Ban kai ba hoton ya fara yin ƙasa, ya yi lilo, ya tsaya daidai wani falale mai ramuka masu santsi a jere.

Mama ta riƙe mini hannu. Ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Nan muke niƙa. Babban na uwarmu ne. Wanga ƙarami nawa, Larai kullum sai ta riga ni zama a kai." Ta matsar da yatsa gefen gilashin. "Juya shi dama, ƙofarmu tana nan."

Na ce ba ya juyawa, Mama, nan wuta ta ƙare. Ta ce to a maido. Aka maido, aka sake maidowa, har shayina ya huce, ba wanda ya ƙara tambayar hotunan sama da na sha rana dominsu.

Da za mu tafi ta shafa tafina, ta ji kantar sandar tafiya da karcen ƙaya. Ta ce ya fara zama hannu. Ta ce saura ƙofar, kuma wannan karon in bar shirwa a gida, in tsaya da ƙafata kamar mutum in ɗauko mata hotonta.

Saja ya ce zai aika wa Inna Larai ta share ɗaki.