Tambarin Hannun Hagu

Kwana uku na aiki suka rage wa Raelyn Tackett ta kammala horon asibiti lokacin da saƙon ya shigo wayarta. Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, tana tsaye a gefen gado na sha huɗu a sashen masu ciwon huhu, tana neman jijiya a hannun wani tsohon mahaƙin kwal mai suna Mista Fugate. Nas biyu sun gwada kafin ita sun kasa. Donna Sizemore, wadda aka ɗora wa horar da ita, ta harɗe hannuwa tana kallo har allurar ta shiga, sannan ta ce:

"Ka gani ko, Mista Fugate? Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki, yarinyar jiya ta zo za ta raba ni da abincina."

Tsohon ya ce ai gara haka, hannun Donna da na mai facin taya ba su da maraba. Donna ta ce ya ci gaba da surutu, ita ce dai za ta kawo masa allurar yamma.

Sai da Raelyn ta wanke hannu sannan ta duba wayar. Dakta Hensley ce, shugabar sashen koyon aikin jinya a kwalejin garin. Tana son ganinta ƙarfe biyu, kuma ta zo sanye da kayan gida. Raelyn ta karanta sau biyu. Ba a cewa ɗaliba ta tuɓe yunifom don a ba ta labari mai daɗi.

Abu ɗaya ne a rayuwarta zai iya jawo irin wannan saƙo. Shekara biyu ta yi tana ɗaukar bidiyon tsiraicinta a ɗakinta, tana ɗorawa a wani shafin intanet da maza ke biya duk wata su kalla. Doka ba ta hana ba, har haraji take biya a kai. Ta fara ne bayan an rufe gidan abincin da take soya kaji a ciki, ta kuma rufe shafin kafin ta shiga shekarar ƙarshe. Da wannan sana'a ta yi karatu. Ta yi ta da irin taka-tsantsan ɗin da take auna magani: sunan ƙarya, kyamara daga wuya zuwa ƙasa, farin bango ba hoto ko ɗaya, kuma an toshe shafin ga duk mai shiga daga jiharsu ta Kentucky.

Sau ɗaya ta yi sakaci. Masu kallo sun dame ta da roƙon ta fito da kayan nas. Ta duba irin waɗanda ake sayarwa don wannan harka, 'yan guntayen fararen riguna da hula mai jan kuros, sai suka ba ta haushi. Babu nas da ke sa wannan. Ta buɗe kabad ta ɗauko koriyar rigarta ta makaranta, ta cire katin suna. Tambarin kwalejin da ke hannun hagu kuwa ba ya ciruwa, domin dokar makaranta ta ce a ɗinke shi da zare, yatsu biyu ƙasa da kafaɗa, kuma ana dubawa. Sai ta juya wannan hannun wajen bango. Ta manta da madubin da ke jikin ƙofar kabad.

A ofishin ta tarar da Dakta Hensley da lauyan kwalejin, wani Mista Combs. A kan tebur akwai hoto guda da aka buga a takarda. An rufe mafi yawansa da 'yan rawayen takardu masu gam, an bar hannun riga da hannun mutum. A ƙarƙashin tambarin ana iya karanta shekarar ajinsu, ajin mutum ashirin da takwas. A ƙasan gwiwar hannun kuma ga tabon ƙunar mai da ta samu a wajen soya kaji, dogo, mai ɗan lanƙwasa.

Dakta Hensley ba ta ɗaga murya ba. Ta tuna mata cewa a makon farko kowace ɗaliba tana yin jarrabawar wanke hannu, ta miƙa hannuwa ƙarƙashin fitila a duba daga farce har gwiwa, kuma ita da kanta take wannan dubawar shekara sha tara.

"Na san wannan hannu, Raelyn."

Raelyn ba ta musa ba. Ta tambayi wanda ya aiko da hoton. Mista Combs ya ce tsarin kwaleji yana kare mai kawo ƙorafi. Ta ce bidiyon ba kyauta ake kallonsa ba, sai an biya, kuma ta goge shi fiye da shekara guda, wato wanda ya aiko ya biya, ya kalla, ya adana.

"Shi kuma wace takarda za a ba shi?"

Mista Combs ya ce ba wannan ne ya tara su ba. Abin da baliga ke yi a ɗakinta, in ji shi, bai shafi kwalejin ba, ya kuma maimaita wannan jimla kamar wanda ya haddace ta a mota. Abin da ya shafe su shi ne shafi na arba'in da ɗaya na littafin dokokin ɗalibai, inda aka hana sa yunifom a wajen aiki. Hukuncinsa gargaɗi a rubuce. A watan jiya ma an ba wani ɗalibi irinsa saboda ya shiga mashaya da rigar.

Ta sa hannu a takardar gargaɗin. Ta miƙe. Ta zo tana jiran kora, ga shi za ta fita da takarda guda. A bakin ƙofa ne Dakta Hensley ta ce, tana kallon ƙasa, yarjejeniyarsu da asibiti ta wajabta musu sanar da shi duk gargaɗin da aka yi wa ɗaliba mai horo a can. Ta ce yawanci ajiye takardar kawai suke yi.

Amsar asibitin ta iso ranar Alhamis, layi biyu. Ba shi da gurbi ga wannan ɗaliba a halin yanzu, yana yi mata fatan alheri. Babu dalili, yarjejeniyar kuma ba ta ce sai an ba da dalili ba. Babu wanda ya kore ta daga ko'ina. Sai dai in babu waɗannan kwana ukun, kwalejin ba za ta ba ta shaidar kammalawa ba, in kuma babu shaidar ba za ta zauna jarrabawar lasisi ba. Asibitin shi kaɗai ne a gundumomi uku.

A yi wa Dakta Hensley adalci, ta yi ƙoƙari. Ta buga wa asibitoci huɗu waya, har da biyu a birnin Lexington, tafiyar awa biyu da rabi. Kowannensu yana da fom, kowane fom yana da layin da ke tambaya ko an taɓa dakatar da horon ɗalibar a wani wuri. Duka huɗun suka ce gurabensu sun cika a wannan zango. Da zango ya ƙare sai wata doka ta taso: dole a gama karatun cikin shekara huɗu daga ranar shiga, Raelyn kuwa tana cikin ta huɗu. Za ta iya neman ƙarin lokaci, amma kwamitin kwalejin yana son ganin wasiƙar asibitin da ya yarda ya karɓe ta. Asibitocin kuma suna son ganin wasiƙar da ta nuna har yanzu ɗaliba ce. Raelyn ta ajiye takardun biyu gefe da gefe a kan teburin kicin, ta daɗe tana neman ta inda ake shiga.

Tun shekarar farko tana aikin Asabar da Lahadi a wannan asibitin a matsayin mataimakiya, irin masu yi wa marasa lafiya wanka da canza zanen gado da ɗaukar fo. Ta buga waya ta tambaya ko wannan ma ya ƙare. Mai tsara jadawalin ta ce ita ba ruwanta da maganar ɗalibai, wannan na wani ofishi ne. Sannan ta ce tun da yanzu Raelyn ba ta zuwa aji, ko za ta iya ƙara Litinin da Laraba? Mutum biyu sun ajiye aiki.

Ta karɓa.

Sati uku ta yi tana wucewa ta gaban Donna da kwandon zannuwa kafin su yi magana ta gaske. Da rana ne, a bayan ginin, inda masu shan taba ke tsayawa kusa da tankunan iskar oksijin. Donna na zaune a kan dakali tana cin wake da burodin masara daga roba. Ta matsa ta ba ta wuri, ta miƙa mata rabin burodin ba tare da ta tambaya ba. Tun farkon shekara Raelyn ta roƙe ta ta zama mai maƙala mata lambar azurfa a ƙirji ranar bikin yaye su, domin kowace ɗaliba ita ke zaɓar wadda za ta yi mata. An yi bikin ranar Juma'ar da ta wuce. Babu wadda ta ambace shi.

Donna ta ce ta rubuta wa hukumar asibitin wasiƙa, shafi biyu, da hannunta. Ta faɗa musu ba ta taɓa horar da mai hannun Raelyn ba. An aiko mata da godiya. Sannan ta ce ta san wanda ya kai hoton. Ba ta faɗi suna ba. Ta ce a asibitin nan yake aiki, yana ɗaura nektaye, yana riƙe wa mata ƙofar lif, matarsa kuma tare da ita Donna suke waƙa a coci. Ya ba wani labari, wannan ya ba wani, har ya iso ɗakin shan kofi. Wai tafiyar aiki ya yi zuwa wata jiha, a otal ya samu shafin, shekara guda yana biya, sai ranar da ya ga tabon a hannun da ke tura keken magani a hawa na uku ya tsorata kada ita ta riga shi ganewa.

Raelyn ta ce ita ba ta taɓa sanin sunan ko mutum ɗaya cikinsu ba. Ba abin da zai same shi daga wajenta.

"Shi ai bai san haka ba," in ji Donna.

"Miss Donna, ki rubuta wannan. Abin da kika faɗa mini yanzu, ki sa hannu."

Donna ta rufe robar. Ta ce wata sha huɗu suka rage mata ta yi ritaya, mijinta kuma yana gida da bututun iska a hanci, inshorar asibitin nan ce ke riƙe da shi.

"Kada ki roƙe ni wannan, 'yar nan. Ki roƙe ni wani abu daban."

Raelyn ta duba ba ta ga wani abu daban da za ta roƙa ba. Wata motar kaya ta shigo da baya tana ƙara. Can Donna ta juyo ta dube ta da kyau, a karo na farko tun ranar Talatar nan.

"Ke ma dai da taurin kai. Me ya hana ki sayen 'yar rigar wasan nan kamar kowa?"

"Ba ta yi kama da ta nas ba."

Donna ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci, ta tashi ta kakkaɓe bayanta, ta ce lokacin hutunta ya cika.

Akwai tambaya ɗaya da Raelyn ta shekara uku tana tsoron yi, tun ranar da ta fara kunna kyamarar. Ranar Laraba, a lokacin hutunta na minti sha biyar, ta shiga ɗakin ajiye zannuwa ta ja ƙofa, ta kira hukumar ba da lasisin jinya ta jiha. Ba ta faɗi sunanta ba. Ta ce tana tambaya ne ko macen da ta taɓa yin irin wannan sana'a a intanet, wadda ba a taɓa kamawa da wani laifi ba, za ta iya samun lasisi.

Matar da ta ɗauka dattijuwa ce daga jin muryarta, kuma ba ta nuna mamaki ba. Ta ce ba ita ce ta farko da ta tambaya ba, ko a wannan watan. Ta ce ba ta san wani layi a dokokinsu da ya ambaci wannan sana'a da suna ba, kowa da yanayinsa ake dubawa, ita kuma ba za ta yi alkawari ba, amma ta ga waɗanda suka fi wannan nauyi sun wuce. Abin yi shi ne ta cike fom ta faɗi gaskiya, makarantarta kuma ta aiko da shaidar kammalawa.

"Yaushe za ki gama, 'yar nan?"

Raelyn ta ce ba a sa rana ba tukuna.

Matar ta ce to kada ta yi jinkiri. Asibitocin kan tsaunuka kullum kuka suke babu nas, akwai wuraren da aka rufe gadaje saboda ba mai kula da su. Ta ce da zarar takardar ta iso, cikin sati biyu za a ba ta ranar jarrabawa. Ta tambaya ko akwai wani abin da za ta taimaka da shi.

Raelyn ta ce babu, ta gode. Ta sa wayar a aljihu, ta ɗauki zannuwa biyu da rigar matashi daga kan kantar ɗakin, ta nufi ɗaki na shida, inda wata tsohuwa ta jiƙa gado tun kafin hutun.