Gashin Kwana Biyar

Tsohon hedimastan ya dubi likitar ta saman gilashinsa, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya kwafi jarrabawa. Yarinya ce 'yar shekaranjiya, wai ita ce za ta yi masa bayanin kansar furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza.

"Zama biyar za mu yi maka a na'urar gashi, Baba," in ji ta. "Ran Litinin a fara."

"Biyar." Ya taɓe baki. "Maƙwabcina mako takwas ya yi yana zuwa."

"Tsohon tsari ke nan. Yanzu na'urar ta fi iya saiti, kowane zama ya fi ƙarfi. Ga irin naka, sakamakon ɗaya ne."

Dariya ya yi ta raini. Shekara talatin yana makaranta, shi za a gaya wa? Yaron da ake sa ran zai ci, shi ake tsarewa bayan an tashi, ana ta maimaita masa. Wanda aka fid da rai da shi kuwa, sallamarsa ake yi da wuri da kalamai masu daɗi. Shi kansa ya sha yi. Wato an gama da shi ke nan, ana lallaɓa shi ya koma gida. Tsoro ya kama shi sosai, sai ya ƙara ɗaure fuska.

'Yarsa da ta rako shi ta taɓa hannunsa. "Baba, don Allah ka saurare ta."

"Rufe min baki. Aikin shafa-mu-lera ba a jikina ba. Mako takwas nake so, cif."

Likitar ta juya ga kwamfuta. "Layin dogon tsarin ya cika. Sai nan da wata huɗu, kuma ban ba ka shawarar jira ba."

"Ai abu mai kyau shi ake bin layi a kansa."

Ya ƙi karɓar bironta, ya zaro nasa ya sa hannu a takardar shiga layin, ya fita yana gyara hula, a ganinsa ya koya wa yaran zamani hankali.

'Yar ta tsaya a bakin ƙofa, ta rage murya.

"Likita, ciwon zai jira wata huɗun?"

Likitar ta rufe fayil ɗin. "Ki roƙe shi ya dawo ran Litinin."

Daga can baranda tsohon ya ƙwala wa 'yar kira, wai ta yi sauri, tana ɓata masa lokaci.