Sharaɗin da Na'ura Ta Haɗiye

Wasiƙar kamfanin buga littattafai ta iso da safe, kuma har hantsi ya dubi ludayi Baba bai fito tsakar gida ba. Yana zaune a teburinsa, shayi ya huce a gabansa, ya ɗora hannun daman nan nasa mai rawa a kan shafi na tamanin da huɗu na littafinsa kamar mai tsoron kada iska ta kwashe shi.

Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana koyar da lissafin ƙididdiga, ya kuma yi tara yana rubuta littafin nan. Babi goma sha ɗaya da hannunsa ya rubuta su. Na sha biyun ne ciwo ya riga shi: bara jininsa ya hau, ya kwanta wata biyu, ya tashi da hannun da ba ya riƙe biro. Saboda haka wannan babi da baki ya faɗa, ni Auta ina bugawa.

Ni na nace sai na tsara littafin da kaina. Yaya, babban wanmu, ya ce a kai wa ƙwararru, na ce ƙwararriya tana cikin gida. Na koyi Latek, tsarin nan da ake rubuta lissafi a kwamfuta da umarni, ka buga alamomi birjik kamar tafiyar tururuwa, na'ura ta mayar maka da su shafi tsaf. Ba na ɓoyewa, na yi fankama da abin. Duk baƙon da ya shigo gidanmu sai na nuna masa shafi ko bai tambaya ba.

Na ɗauki wasiƙar na karanta. Malamin da kamfanin ya ba littafin ya duba ya yabi babi goma sha ɗaya, sannan ya zo kan wata doka a babi na sha biyu, shafi na tamanin da huɗu. Doka ce mai rassa biyu: ƙaton baka mai lanƙwasa a hagu, lissafi biyu a cikinsa, sama da ƙasa, kowanne da sharaɗinsa a rubuce a gefen dama. Na saman shi ne hanya mai sauƙi, kuma sharaɗinsa ya ce: idan waɗanda aka tambaya sun gaza kashi 5. Malamin ya ce wannan bai isa ba. A gari mai mutum dubu, in ka tambayi mutum uku kacal ai sun gaza kashi biyar, amma amsar da za ka samu shirme ce. Dole a ƙara cewa sai waɗanda aka tambaya sun haura talatin. Ya rufe da cewa babin ƙarshe yana buƙatar a sake duba shi da idon basira, "la'akari da yanayin lafiyar marubucin."

Wannan jimlar ce ta soki Baba.

"Ɗan aji ɗaya ya san wannan," in ji shi, bai ɗago ba. "Na kayar da ɗalibai a kansa sun fi ɗari. Yau ni na manta."

"Baba, ai gyara ne na layi ɗaya."

"Ba layin ba ne, Auta. In wannan ya zube daga kaina ban ji faɗuwarsa ba, me kuma ya zube?"

Likita ya taɓa gaya mana cewa irin ciwon nan yakan taɓa tunani a hankali. Tun daga ranar Baba yake gadin kansa. In ya nemi tabarau bai gani ba sai ya yi awa guda yana tuhumar kansa. Yanzu ga shaida a rubuce, da hatimin kamfani.

Yaya ya shigo wajen sha ɗaya, don Mama ta kira shi a waya. Ya karanta wasiƙar a tsaye, makullin mota a hannu. Mutumin kirki ne Yaya, amma irin mutanen nan ne da in suna tausayinka sai ka ji kamar ana auna maka likkafani.

"Baba, ku yi haƙuri, na daɗe ina son na faɗa. Mu koma wajen likita a yi gwajin nan na tunani. Tuƙin ma ku bar shi haka nan. Littafi kuma ai kun yi mai wuyar, ku huta."

Na jira Baba ya daka masa tsawa yadda ya saba. Sai kawai ya jawo aljihun tebur, ya ciro makullin tsohuwar motarsa ya ajiye a gaban Yaya. Mama tana bakin ƙofa, ta juya ta koma kicin da sauri.

"Auta, ɗauko na'urarki," in ji Baba. "Za ki rubuta wa kamfani. Na janye littafin."

"Gaba ɗaya?"

"Ba zan sa yaran mutane su haddace kuskurena ba. Rubuta."

Na buɗe kwamfutar a kan cinyata, ina fuskantarsu, bayan allon yana wajensu. Baba ya fara: "Bayan gaisuwa, ina mai baƙin cikin sanar da ku..." Yatsuna suna bugawa, amma raina yana wani wuri. Ruwa ba ya tsami banza. Da ya tsaya neman kalma, sai na buɗe fayil ɗin babi na sha biyu a gefe, na gangara zuwa dokar.

Nan take na ga ɓarnar.

A Latek, alamar kashi cikin ɗari, ƙwallaye biyun nan da sanda a tsakani, ba ta nufin kashi cikin ɗari. Tana nufin: daga nan zuwa ƙarshen layi, bayanin mai bugawa ne ga kansa, kada a fitar da shi a shafi. In kana son alamar ta fito da gaske sai ka sa mata karkatacciyar sanda a gaba. Wannan darasin makon farko ne. Ni kuwa, ƙwararriyar cikin gida, na buga kashi 5, na manna alamar tsirara, na ci gaba da bugu. Duk abin da ya biyo baya na'ura ta haɗiye shi. Ba ta ko yi ƙorafi ba, don bakan rufewa a layi na gaba na sa shi. Abin da ya rage kuma ya karantu sumul, shi ya sa ido ya wuce ta kai, nawa da na Baba.

Ga sauran maganar nan kwance a allon, launin toka, yadda na'urar take rina abin da ta yi watsi da shi: kuma adadinsu ya haura talatin. A bayansa ma akwai wani ɗan bayani da na rubuta wa kaina a ranar, ban tsaya karanta shi ba.

"Kin rubuta?" in ji Baba. "Sa: lafiyata ba ta ba ni damar tabbatar da ingancin aikin ba."

Ban ji daɗin abin da ya zo mini a rai ba, amma ya zo. Sanda ɗaya ce. Zan iya sa ta yanzu, na bari kwana biyu, na lallashi Baba a aika gyara, ba wanda zai san inda gizo ya yi saƙa. Yaya ba zai samu abin da zai riƙa yi mini gori da shi har na tsufa ba. Kamfanin ma ba zai san wadda ta tsara littafin ce ta yi ɓarnar ba. Sai dai Baba zai ci gaba da kwana da tashi da cewa kansa ya fara yoyo.

Na dubi makullin motar a kan tebur. Yaya ya riga ya ɗora yatsa a kai.

"Baba," na ce. "Ba ku manta ba. Kun faɗa. Ni ce na ɓatar da shi."

Yaya ya yi tsaki. "Auta, kar ki soma. Rufa-rufa ba za ta taimake shi ba."

"Ba rufa-rufa ba ce, Yaya. Ga shi nan a fayil, zo ka gani da idonka."

Ya zagayo bayana ya sunkuya. Na nuna masa alamar, na nuna masa rubutun mai launin toka, na bayyana masa cikin jimla uku, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na ɗaga kwamfutar zan juya wa Baba ita.

"Tsaya." Baba ya ɗaga hannun hagu. "Kar ki nuna mini. Ke kina iya ƙarawa yanzu don ki faranta mini."

"Wallahi, Baba..."

"Na ce tsaya." Ya rufe ido. Na ga leɓensa yana motsi. In ya lalubo bai samu komai ba, to gaskiyata ma ba za ta amfane shi ba, na sani.

"Ranar ana ruwa," ya ce a hankali. "Kina ɓare lemo, na ce ki goge hannu kar ki ɓata na'ura. Na ce, kuma adadinsu ya haura talatin. Sannan na ce ki ja layi a ƙarƙashin talatin ɗin, don a nan ɗalibai suke faɗuwa." Ya buɗe ido ya dubi Yaya, ba ni ba. "Kai, karanta abin da ke ƙarshen layin."

Yaya ya matso da fuskarsa. Ya karanta a ransa tukuna, sannan ya karanta a fili: "Baba ya ce a ja layi a ƙarƙashin talatin, nan ɗalibai ke faɗuwa."

Ni kaina na manta da na rubuta shi. Shi bai manta ba.

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga, ko da yake ba tabarau ne ya jiƙe ba. Ni kuwa hawaye nake yi sosai, na kunya da na murna a haɗe. Na ce ya yafe mini. Ya miƙa hannu ya zare makullin motar daga ƙarƙashin yatsan Yaya, ya mayar aljihun tebur, ya tura ya rufe.

"Goge wasiƙar can," ya ce mini. "Ki sa sandarki. Sannan ki nemo mini duk inda alamar nan take a littafin, tun daga shafi na ɗaya, mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

"To, Baba."

"Kuma har yanzu ba ki ja layin ba."