Gorar Haruyo

Haruyo ta dawo daga asibiti tana dogara sanda, ta tarar babu shingenta. Nishikigi ne, gajerun itatuwan nan da ganyensu ke komawa ja jawur idan kaka ta shigo, kuma marigayi mijinta Shigeru ne ya dasa su a kan iyaka shekarar da suka tare a gidan. Yanzu sai kututture a jere. An sare su daidai ƙasa, an bi su da maganin kashe ciyawa don kada su sake tofowa.

Ba ta sha wahalar sanin mai aikin ba. Maƙwabcinta Tadokoro ne da kansa ya shigo da kwalin wainar shinkafa, ya rusuna ya yi mata sannu da jiki. Ya ce ganyen ne ke zuba a tafkin kifinsa yana ruɓewa, kuma da ma rassan sun ƙetaro gefensa.

"Da wannan ƙafar taki, Haruyo-san, wa zai riƙa datse miki su? Ai hutu ne na sama miki."

Ta yi godiya, ta raka shi har ƙofa. Da ta dawo ta zauna a gaban hoton Shigeru, ta kasa ko kunna masa turare.

Shi ma Tadokoro yana da nishikigi, guda ɗaya tak, gadon kakansa, wanda ya girma ya kai kafaɗar mutum. Duk bazara yakan bi shi da almakashi har ya zagaye kamar kifaffen kwano. Idan ganyen ya yi ja, mutane kan zo daga ƙauyukan kwarin su ɗauki hoto, shi kuwa yana raba shayi yana baza tarihin gidansu. Haruyo ta san abin da ke kawo jan nan, don ta sha jin Shigeru yana faɗa: rana ce. Kuma ranar da ke sauka a kan itacen Tadokoro ta saman filinta take wucewa.

Sanyi na janyewa ta kira masu aikin lambu. Ta sa suka tone kututturan, suka haƙa rami mai zurfi, suka kafa faranti na ƙarfe a gefensa yadda ko saiwa ɗaya ba za ta ƙetara ba, sannan suka dasa gora. Ta riƙa ba ta kashin kaji da ruwan wankin shinkafa kamar mai kiwon jariri. Tadokoro ya leƙo ya yaba, ya ce gora na da daɗin ƙara in iska na kaɗawa.

Shekarar farko ba abin da ya faru. Daga nan gorar ta miƙe ta wuce rufin gida. Da kaka ta zagayo, itacen Tadokoro ya yi wani ruwan ƙasa-ƙasa kamar tsohuwar tabarma, ganyen ya zube tun bai nuna ba. Ya canja taki, ya yi feshi, ya zargi ƙwari. Masu zuwa kallo suka tsaya a bakin ƙofa, suka yi gaisuwa suka juya. Sai da wata kakar ta sake zuwa a haka ya ɗaga kai ya gane gorar ce ta tare wa itacen rana.

Ya kai ƙara wurin shugaban unguwa. Mutumin ya zo ya duba iyaka, bai ga reshe ko saiwa da ta ƙetara ba, ya sha shayin Haruyo ya tafi. Sai Tadokoro ya zo da kansa, ya durƙusa a bakin ƙofa har goshinsa na taɓa katako, ya roƙe ta ko saman gorar ne a rage.

"Na tsufa, Tadokoro-san," in ji ta. "Rana na damun idona."

Da hunturu ya shigo, Tadokoro ya sa aka tone itacen don a mayar da shi gaban gida inda rana take. Saiwar ta yi nisa a ƙasa, dole aka datse rabinta. Bazara ta zo, komai na kwarin ya tofo, itacen kuwa ya tsaya a bushe. Haruyo ta kalli yadda aka loda shi a mota ta tsakanin sandunan gorarta.

Inuwar ba ta bar ta ita ma ba. Ɗakin girkinta ya yi duhu, sai da fitila ko da rana tsaka. Da 'yarta ta zo hutun sabuwar shekara, ta ce tunda itacen ya mutu ai sai a sare gorar a huta. Haruyo ta ce a'a. Ta ji Tadokoro ya sayo sabon dashe, kuma ba ta san inda zai sa shi ba tukuna.